Kwanon da Mannir Ya Suɗe

"Ya cinye?!" Gwaggo Batula ta dafe ƙirji tana leƙa kwanon da ke hannun Zahara'u. "Dut? Ko loma bai rage ba?"

"Gwaggo, ki yi a hankali, shina zaure..."

"Shi ji mana! Duba ki gani, har suɗewa yay yi! Ni Batula, ina anka taɓa yin haka? Yaro shi zo gidan surukai ran farko shi buɗe ciki awa gidan ubanai?"

Kowa a Dogon Daji ya san yadda ake yi. In saurayi ya zo, a fitar masa da abinci don girmamawa, shi kuma ya taɓa loma ɗaya ko biyu ya rufe, don kunya. Masu kunyar sosai ma ko buɗewa ba sa yi. To shi Mannir ya tashi da malmalar tuwon dawa, ya bi miyar sure, wato yakuwa, da yatsa har kwano ya yi ƙal.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, ita Zahara'u wani daɗi ne ya cika ta, har tana jin kunyar kanta.

Tun da Innarta ta rasu ita ke yi wa mahaifinta Malam Ɗangiwa girki, a tukunyar ƙasar da Inna ta bari. Kullum akushinsa sai ya dawo da fiye da rabi. Ta ƙara daddawar batso, ta rage, ta sauya itace, duk a banza. Har ta haƙura cewa hannunta ba zai taɓa kamo na Inna ba. Yau ne karon farko da ta ga gindin kwanon miyarta.

Ta ajiye kwanon ta koma zaure. Mannir na zaune kan tabarma hankalinsa kwance, bai san ya ɓallo ruwa ba. Ɗan garin Fakku ne, amma a Sakkwato yake girki, a gidan abincin wata Hajiya Nasiha. A wani biki a Tambuwal suka haɗu, ita tana rabon abinci, shi yana kan tukunya.

"Zahara'una," ya ce, idanunsa a lumshe, "mi kinka sa cikin miyag ga?"

"Sure na, da batso. Mi za ni sawa?"

"A'a, akwai wani abu! Kin san Sakkwato kuwa? In la'asar ta yi, hayaƙin balangu shi rufe titi, kilishi rataye ja wur, masa tana tashi cikin tanda. Wurinmu akwai tuwon shinkafa da miyar taushe, da farfesun kan rago, har shawarma muka yi wa 'yan makaranta. Amma wallahi dut garin babu miyar sure irin wagga."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Ina ganinki can," ya ci gaba a hankali. "Ɗan shago namu na kanmu, mai shuɗin labule. Ni ina tuƙa tuwo, ke kina kaɗa miya, mutane suna layi suna tambaya: wace ta yi wagga? In ce musu matata ta!"

Ita ma sai ta gani. Ta ga labulen yana kaɗawa, ta ji ƙamshin yana bin titi, har ta ga kanta da zane sabo tana leƙe ta bayan ƙofa. Da ƙyar ta dawo zauren.

"Mannir... ba a cinyewa."

"Mi?"

"Abincin surukai. Ba a cinyewa, taɓawa aka yi."

Ya zaro ido, ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Na sani fa, wallahi na sani! Na sha'afa na. Wurin aikinmu in faranti ya dawo da saura, zagi na ga mai girki. Ni ko da nij ji miyarki, ƙaƙa za ni zage ki?"

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har sautinta ya shiga cikin gida. Malam Ɗangiwa na alwala a tsakar gida, ya tsaya da buta a hannu yana saurare.

Kafin magariba Gwaggo ta kai masa ƙara, har da kwanon a matsayin shaida.

"Yaya, wanga ba ɗiyarka shika so ba, miya shika so! Shi kai ta birni shi saida. Kuma in ta tafi, wa za shi ba ka abinci?"

Malam ya daɗe yana kallon kwanon. "A ce mishi shi dakata da turo magabatanai," ya ce, ya shige ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya Zahara'u ta yi su ne kamar mai tafiya cikin barci. Ga son Mannir yana cin ta, ga maganar Gwaggo ta tsaya mata a rai, don gaskiya ce. Tsohon da ko tana nan ba ya cin kirki, in ta tafi fa?

Mannir ya kira ta a waya, muryarsa duk ta dushe.

"Rabin raina, ko in zo in duƙa in ba Baba haƙuri?"

"Kak ka zo tukun."

"Jiya na gwada miyarki. Sure guda, batso guda, amma ba ta yi ba. Hajiya ta ce mi as same ni nika ɓata mata kayan miya..."

Ta yi murmushi, hawaye na zuba. "In Baba ya ce a'a, Mannir, a'a ta. Ba ni iya barinai."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nika sonki."

Ranar Alhamis da rana ta kai wa Malam abinci. Maimakon ta fita kamar kullum, sai ta durƙusa gefe. Ya ci loma uku, ya ja murfi zai rufe.

"Baba," ta ce, "in ka ce in bar Mannir, na bar shi. Amma ka gafarce ni, ban ji haushin abin da yay yi ba. Rannan na fara jin na iya miya. Na san ba ta kai ta Inna ba, shi ya sa ba ka ci..."

"Wa yac ce miki haka?"

Ta ɗago. Idanun tsohon sun kaɗa sun yi ja.

"Ɗiyata, ashe haka kika zato dut lokacin ga?" Ya saki murfin. "Ba don ba ta kai ba na. Don ta kai na! Loma guda in na sa baki, sai in ga uwarki zaune can bakin murhu. In ɗaga ido, babu ta. Sai abincin shi tsaya min ga wuya."

Zahara'u ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Ni na hana ki ganin kwanonki wayam, yaron ga ya nuna miki," ya ce. "Na ji dariyarki rannan. Rabona da jin ta tun uwarki na da rai. Ba kunya tay yi mishi kaɗan ba, gaskiya ta yi mishi yawa. Ce mishi shi turo."

"Baba, kai fa? Wa za shi..."

"Batula na nan. Miyarta ba ta tuna min da kowa, sai in ci in ƙoshi!"

Gwaggo da ke laɓe bakin ƙofa ta ce, "Au, haka ma za ka ce?" Duk su ukun suka yi dariya da jiƙaƙƙun idanu.

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, Malam da kansa ya naɗe tukunyar Inna a tsohon zane ya ɗora wa Zahara'u a cinya cikin mota.

"Riƙe ta da kyau, hanyar akwai ramu," ya ce, ya juya da sauri.

Shagon nasu na Sakkwato bai kai girman na mafarkinsu ba, benci biyu ne da tebur, amma labulen shuɗi ne. Juma'ar farko da suka buɗe, kafin ta zuba wa kowa, ta cika kula da tuwo da miyar sure ta ba wani direban Tambuwal ya ajiye wa Malam a Dogon Daji.

Washegari kular ta dawo. Zahara'u ta tsaya riƙe da ita, ta kasa buɗewa.

"Buɗe mana, masoyiya," Mannir ya ce.

Ta murɗa murfin a hankali. Babu ko loma. A jikin kular ga sawun yatsa nan ya zagaye, an suɗe ta tas.

"Mannir..." ta ce, ta rungume kular a ƙirji. "Baba ya cinye!"