Tafet Goma Sha Shida

Rana ta riga ta faɗa bayan katanga, amma Mai Kunne bai ɗaga kai daga kan injin ba. Sunan da abokan sana'a suka laƙaba masa ke nan, domin mota kan wuce a titi ya faɗi ciwonta tun ba a buɗe bonet ba. Shekara biyu yana haɗa wannan inji a rumfar kwano da ke gefen tsakar gidansa. Na tsere ne, mai silinda takwas. Gangar jikin ya ciro ta ne daga wata mota da ta shekara ashirin a jibge a makabartar motoci, har ciyawa ta fito ta tagoginta.

A yammacin nan aikin tafet ake yi, wato 'yan ƙarafan nan masu kaurin babban yatsa da ke zaune a kan kamshaf, sandar da ke juyawa a cikin inji, suna tura bawul ya buɗe. Tsofaffin masu rami ne a ciki, mai ke cika su, suna aiki shiru. Sababbin, da ya yi wata shida yana jiran isowarsu, ƙarfe ne zalla, ba rami ko na allura, kowanne da 'yar taya a gindi. Irin waɗannan ba su san yafiya ba. Sai an bar musu tazara daidai da siririn ƙarfen awo, in ba haka ba su cinye kamshaf.

Babbar 'yarsa ce ke awon. A gida Injiniya ake ce mata, kuma uban da bakinsa ya yarda hannunta ya fi nasa sanyi.

"Maigida, magariba ta kawo jiki," in ji matarsa, uwar Injiniya, daga ƙofar kicin. "Ku bar ƙarfen nan ya kwana."

"Saura huɗu, Umma," in ji Injiniya.

"Ku biyun nan, da inji yana haihuwa da tuni kun raɗa wa jaririn suna."

Mai Kunne ya yi dariya. A gefensa tukunyar ruwa tana tafasa a kan risho, ya zuba mata soda don wanke baƙin mai. Ya tattaro tsofaffin tafet goma sha shida a tsumma, ladan na ɗaga murya ya juye su ciki gaba ɗaya. Bai yi bisimilla ba. Hankalinsa na kan awo.

Ruwan ya yi wani ƙara siriri, wanda ba na ƙarfe ba ne. Injiniya ta ce "wash!", ta dunƙule hannunta na dama. Da uban ya tsiyaye tukunyar bayan salla, babu komai a ciki.

Washegari, daidai wannan lokaci, injin ya fara ƙas, ƙas, ƙas. Babu batir a jikinsa, babu mai. Mai Kunne ya tsaya a bakin rumfa yana saurare, kuma abin da ya fi tayar masa da tsikar jiki shi ne kunnensa ya gaya masa tazarar daidai take. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro, ya tsaya a gaban uwar. Tsohon tafet ne, da zafi kamar yanzu aka tsamo shi.

Haka aka ci gaba. Kowace magariba ɗaya, ba ƙari ba ragi. Uwar ta samo tasa tana tarawa, ta rufe da faranti, ba ta ce wa kowa tana ƙirgawa ba. Injiniya ta daina shiga rumfa, ta daina magana, daga baya ta daina cin abinci sai ruwa. In rana ta yi ja, haƙoranta kan soma bugun juna, ƙas, ƙas, tare da injin, ba sa saɓawa. Hannun nan na dama kuwa ya ƙi buɗuwa. Likita ya gwada, ya yi mata allura, ya ce su dawo bayan mako guda. Maƙwabta suka koma bi ta ɗaya gefen titi.

Ranar da na goma sha biyar ya faɗo, uwar ta ɗauki mayafi ta fita ba ta nemi izini ba. Kashegari bayan la'asar ta dawo da malamin da ya koya mata karatu tana yarinya, wani tsoho siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ya leƙa rumfa, ya buɗe tasar, ya ƙirga da ido. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Injiniya uwar na riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu, bai gaggauta ba. Inuwar katanga ta rarrafo har ta rufe ƙafafunsu.

Injin ya soma. Haƙoran suka amsa. Sai duka suka tsaya lokaci guda, Injiniya ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ƙuna a kan ƙuna?"

"Wace ce ke?"

"Mai gida. Shekara ashirin muna cikin ramukan tafet ɗin nan, ni da 'ya'ya da jikoki, kowa da ɗakinsa. Ya ɗauko mu, muka yi shiru. Ya kankare, ya goge, muka yi shiru. Sannan ya dafa mu da magariba, ko a tashi bai ce ba. Muka koma, muka tarar ya cusa ƙarafan da ba su da ciki."

"Ya yi kuskure, bai san da ku ba. Yarinyar fa, me ta yi miki?"

"Ƙirjinta akwai wuri. Sha biyar na aiko masa. Yau na ƙarshe, in ya faɗo na zauna ke nan."

"Ba za ki zauna ba," in ji malamin. "Ki ji tsoron Wanda ya halicce ki. Abin da yake naki za a ba ki, wanda ba naki ba ko farce ba za ki ɗauka ba."

Ya ci gaba da karatu. Jikin Injiniya ya lanƙwashe, muryar ta yi kururuwa, sannan ta sauko.

"To ya cire nasa ya mayar da namu. Ya kai injin inda ya ɗauko shi, kada ya sake tayar da shi." Idanun suka juya kan uban. "Kai mai kunne, ka ji ai. Injin ko 'yar?"

Mai Kunne ya dubi rumfa. Bai daɗe ba. Numfashi biyu ne, ko uku. Amma a tsakar gidan babu wanda bai ji tsawonsa ba.

"Maigida!" in ji uwar.

"'Yar," ya ce. "'Yata."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

Ya kunna fitila ya ɗauki sifana. Aikin da suka yi kwana uku suna daidaitawa, ya warware shi kafin duhu ya gama sauka. Yana zaro sabo, uwar na miƙo masa tsoho daga tasa, kowanne da bisimilla a bayyane. Ramuka goma sha biyar suka cika. Ya tsaya a kan na ƙarshe.

"Saura ɗaya, Malam."

Malamin ya tofa addu'a a kan dunƙulallen hannun. Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Tafet na goma sha shida na kwance a tafin, ya bar mata shatin ƙuna daidai tsawonsa. Da ya shiga raminsa, Injiniya ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Ladan ya kira salla. Ba abin da ya faɗo a kan kwano.

Da safe aka ɗora injin a bayan motar kaya. Mai Kunne ya raka shi, ya dawo hannu rabbana, ya tarar da 'yarsa zaune a bakin rumfa tana shan ruwan zafi, hannun a naɗe da bandeji. Ya tsuguna a gabanta.

"Sannu, Injiniya. Kin tuna wani abu?"

"Ban tuna komai ba, Baba," ta ce. Ta dubi wurin da injin ya tashi, inda mai ya bar baƙin tabo a siminti. "Sai dai lokacin da tsohuwar nan ta tambaye ka. Ina ciki, ina ji."

Ya buɗe baki. Ta jira shi, kamar yadda ta jira jiya.