Rai-ɗoren Bayan Mahauta

Da almuru Haulatu ta fita neman ganyen rai-ɗore, a ƙauyensu da ke kusa da Mai'adua. Zazzaɓi ya kwantar da mahaifinta, Malam Sada, har idanunsa sun yi rawaya. Duk garin kuwa babu inda rai-ɗore ya yi kyau kamar jujin bayan tsohuwar mahauta.

Tun daga nesa ɗoyi ya tare ta, na ruɓaɓɓen tumbi da jinin da ruwan damina ya jiƙa. Ta toshe hanci da bakin hijabi. Furanni rawaya sun rufe jujin, ƙudaje na ta zuuu a kansu.

Ta sunkuya tana tsinka. Sai ƙudajen suka yi tsit.

"'Yar nan, wa za a ɗora wa?"

Wata tsohuwa ce tsugune cikin ganyen, tana taunar wani abu.

"Babana ne ba lafiya, Iya."

"Kin san abin da ya sa ake ce masa rai-ɗore?"

"An ce yana ƙara tsawon rai."

Tsohuwar ta yi dariya, baƙin yawu ya dalalo mata a haɓa. "Haka kuke faɗa. Ai ɗori sai da abin ɗorawa. A yanko na wani, a ɗora wa wani. Ni na raɗa masa sunan."

Ta miƙe. Jikinta duk faci ne: nan baƙar fata, can fara, ga ta jariri a kafaɗa. Tsutsotsi na leƙowa ta bakin ɗinkin.

Haulatu ta ja da baya.

Hannu mai sanyi da yauƙi ya cafke wuyan hannunta, daidai kan zanen lallenta na Sallah. Tsohuwar ta lashe wurin. Harshen kaushi kamar na saniya.

"Taki sabuwa ce," ta raɗa.

Da ƙyar "A'uzu billahi" ta fito daga bakin Haulatu, daidai ladan ya ɗaga murya. Riƙon ya sassauta. Ta fizge, ta watsar da ganyen, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Washegari aka kai Malam Sada asibiti a Daura, Allah ya ba shi lafiya. Amma wuyan hannun Haulatu ya yamutse, yana wari. Ta dirje shi da sabulu da toka har ya yi jini, warin bai fita ba.

Wata ranar kasuwar Mai'adua, wata mai lulluɓi ta miƙo mata ƙullin daddawa. A wuyan hannun matar akwai facin fata sumul, da zanen lallen da Haulatu ta yi wa kanta da Sallah.