Takarda a Ƙarƙashin Faifai

Jummai ce ta tsince ta. Da hantsi ne, tana tsugune a bakin rijiya tana wanke kwanukan da aka fito da su daga zaure, ta ɗaga faifan da ke rufe da akushi sai ga takarda a naɗe, an soke ta cikin saƙar faifan yadda ba za ta faɗi ba. Jummai ba ta iya karatu ba, amma ta san tuwo ba ya tafiya da wasiƙa.

"Inna! Inna, hito ki gani!"

Inna Kubura ta fito tana gyara ɗaurin zani. "Mi ya faru kuma?"

"Wa ya yi girkin jiya?"

"Matar ƙanenki mana, Munawwara."

"Wa da wa sunka ci cikin wanga akushi?"

"Babanki da baƙonshi."

Jummai ta ɗaga takardar sama. "To Baba dai ko harahi guda na boko bai sani ba. Wa ya rage, Inna?"

Gidan Malam Malami ne a Bagudo, gidan da fataken ƙetaren iyaka suka saba sauka. Baƙon da ake magana shi ne Ango, saurayi ɗan Dendi daga Benin, mai kawo atamfa duk wata ya kwana biyar ko shida a zaure. Shi kuwa maigidan tun da asuba ya ƙetare iyaka ta'aziyyar wani amininsa, ba zai dawo ba sai bayan mako guda. A shekarar nan ba waya a garin, wanda ya tafi ya tafi ke nan sai an gan shi.

Kafin azahar Jummai ta riga ta buɗe akwatin Munawwara. A ƙarƙashin kayan fita ta samu irin takardar fiye da arba'in, an ɗaure su da zare, kowace da jan biro a jikinta.

Bilyamin, mijin Munawwara, malamin gona ne, kuma shi kaɗai ne ɗan gidan da ya yi boko. Ya dawo daga ofis ya tarar da uwarsa da yayarsa zaune a kan tabarma, takardu a gabansu kamar an baje kaya a kasuwa. Ya ɗauki ta yau ya duba. Rubutun namiji ne, mai nauyin hannu, baƙaƙen a karkace kamar na wanda ya saba da wani rubutu dabam. "Jirgi ya ƙetare gulbi." "Farar tantabara ta tashi da sauri." An ja layi a ƙarƙashin kalmomi, an sa wa wata suna, wata aikatau, wata sifa. Can ƙasa kuma: "Na gode da na jiya. Ki ajiye amsa inda kika saba. Kada kowa ya sani."

Ya karanta layin ƙarshe sau uku a zuci. Jummai ta ce ya karanta a fili, ya karanta.

"La ilaha illallahu!" Inna ta dafe ƙirji. "Cikin gidana! Da abincin gidana!"

A daidai nan Munawwara ta yi sallama. Malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata, ta shigo da littattafan ɗalibai a rungume. Ta ga akwatinta a buɗe, ta ga takardun, ta tsaya cak.

"Sannu da zuwa, Malama tica," in ji Jummai. "Ashe ajin naki har zaure ya kai?"

Bilyamin ya ce a hankali, "Muna, mi ne ne wanga?"

"Darasi ne, Yaya. Nahawu ne. Duba ka gani, rabe-raben kalmomi ne da ginin jimla, ba wani abu."

"Na gani. Wa kike koya ma?"

Ta sunkuyar da kai. "Amana anka ba ni."

"Amana!" Jummai ta tafa hannu. "Kun ji sabon sunan da anka raɗa mai!"

"Filis, Muna," in ji Bilyamin. "Suna guda kawai. Hwaɗi mini, magana ta mutu nan."

Hawaye suka zubo mata, ta juya ta shige ɗaki.

Abin da babu wanda ya kawo a ransa shi ne wannan. Wata bakwai da suka wuce, bayan shari'a ta kankama a jihar, aka sa Malam Malami cikin dattawan sulhu na unguwa. Takardu suka fara zuwa masa da rubutun boko. Mutumin da ya haddace littattafan nahawun Larabci tun yana saurayi ya koma yana miƙa wa sa'o'in 'ya'yansa takarda su karanta masa, wata rana ma aka yi masa dariya a taro. Ga shi kuwa shekara talatin ya yi yana tsine wa boko a bakin masallaci. Shi ya hana Jummai makaranta. Bilyamin ma kawunsa ne ya ɗauke shi ya sa shi, uban ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwar kawun. Irin wannan mutum ba ya iya zuwa wurin ɗansa ya ce koya mini.

Surukarsa kuma ba ya iya yi mata magana. A gidan, kamar sauran gidajen, matar ɗa ba ta zama gaban uban miji, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Idan ta gama girki sai ta ajiye akushi a kan 'yar katangar da ke bakin zaure ta juya, shi ya zo ya ɗauka. Wannan kunyar ce ta ba shi hanya. Ya rubuta mata da ajami ya soke a faifai: yana son ya koya, ta rufa masa asiri, ta ƙone takardar. Ta ƙone. Ta fara masa da baƙaƙe da wasula. Da ta ga ya san nahawun Larabci sai ta bi da shi ta nan: abin da ya sani da isimi shi ne suna, fi'ili shi ne aikatau, sifa tana nan sifarta. Cikin wata huɗu ya fara gina jimla yana raba ta gida biyu, yankin suna da yankin aiki. Takardun da ta gyara ya gani yakan maido mata ta adana, domin Inna ce ke share masa ɗaki. Wata bakwai suna haka, ba su taɓa musayar kalma ɗaya da baki ba.

Da yamma Bilyamin ya shiga zaure ya ce wa Ango ya kwashe kayansa.

"Mi na yi, ɗan maigida?" in ji Ango, da Hausarsa mai karin harshen Dendi. "Wallahi ko huskar matarka ban taɓa gani ba!"

"Wa ya ce maka maganar matata ce?"

"Duk unguwa ta sani tun azahar!"

Gaskiya ya faɗa, Jummai ta riga ta leƙa gida uku. Amma a kunnen Bilyamin amsar ta zama shaida. Wanda zato ya shiga ransa, duk abin da aka ce masa ƙarin hujja ne.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ta karɓe girki daga hannun Munawwara. Idan surukar ta ɗebo ruwa sai a zubar a ɗebo wani. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa aron turmi da ba sa bukata, suna ambaton alƙali da bulala da murya ƙasa-ƙasa, yadda dai za ta ji. A makaranta ta tsaya gaban allo tana koya wa 'yan aji biyu wakilin suna, ta ga biyu daga cikinsu suna raɗa suna kallonta.

Bilyamin bai zage ta ba, bai kuma ci abinci sosai ba. Shekara uku ya yi yana zuwa garinsu Kaoje a kan babur, damina da rani, kafin a ba shi ita. Rana ta huɗu ya same ta a ɗaki bayan la'asar, ya zauna a bakin gado.

"Ni ban yarda ba, Muna. Zuciyata ta ƙi. Amma kin bar ni ba abin da zan riƙe. Ko ƙarya ce ki yi mini, ki ce ɗaliba ce!"

"Ba ni yi maka ƙarya, Yaya. Ban taɓa ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka yi haƙuri Baba ya dawo."

Ya fita ya gaya wa Inna. Inna ta taɓe baki. "Ta san Malam na jin tausayinta, shi ya sa. Wayon 'yan boko ke nan."

Ranar Laraba Malam Malami ya dawo. Tun bai cire takalmi ba Inna da Jummai suka zayyane masa komai, suka ajiye takardun a gabansa. Munawwara na bayan labule tana saurare. Tsohon ya dubi takardun ya daɗe. Sannan ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya ɗauki buta ya tafi masallaci.

Wannan ce ranar da ta fi yi wa Munawwara tsawo. Kwana bakwai ta yi tana jiran mutum guda, ya zo ya wuce ta ƙofar ɗakinta kansa a ƙasa. Ta san kalma ɗaya za ta wanke ta. Ta kuma san idan ta faɗa alhali shi ya yi shiru, ko dai a ƙaryata ta, ko ta tsiraita uban mijinta a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ta yi alwala ta yi salla, ta fara ninke kayanta.

Washegari da safe Inna ta tara su a tsakar gida. Malam na kan buzunsa yana jan carbi. Munawwara na durƙushe daga nesa, ta ba shi gefe kamar yadda ta saba.

"Magana biyu ce," in ji Inna. "Ko ka ba ta takardarta ta tahi Kaoje, ko mu tahi gaban alƙali ta yi rantsuwa. Gidanga ba ya ɗaukar wagga ƙazanta."

Jummai ta kawo takarda da biro ta dangwarar a gaban ƙanenta. Bilyamin ya ɗauki biron. Ya dubi matarsa. "Muna, don Allah. Na roƙe ki na ƙarshe."

Ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

Ya ɗora biron a kan takarda. Bai rubuta komai ba. Ya ajiye. "Inna, ku gahwarce ni. Ba ni iya sakinta a kan abin da ban gani ba."

"To ka zaɓa, ko ni ko ita!"

Carbin ya tsaya.

"Miƙo biron nan," in ji Malam Malami.

"Baba?"

"Miƙo, na ce."

Ya ɗora takardar a gwiwa, ya riƙe biron yadda ake riƙe alƙalamin kara, ya fara daga hagu. Ya daɗe yana yi, gumi na tsattsafo masa a goshi. Da ya gama ya ja layi uku, ya miƙa wa ɗansa. "Karanta musu."

Bilyamin ya karanta: "Ɗiyata ta riƙe amana."

"Ɗiyata, suna ke nan, ita ta yi aikin," in ji tsohon. "Ta riƙe, aikatau. Amana, abin da aikin ya hwaɗa kanshi. Ita ta koya mini. Duba hannun, ka gwada da waɗancan."

Bilyamin bai bukaci gwadawa ba. Takardar ta faɗi daga hannunsa.

"Malam!" Inna ta riƙe baki. "Kai? Boko?"

"Ni. Kuma jiya na ga ɗiyar mutane cikin wuta na wuce, don kada a ce Malami ya shiga aji. Ɗana ya hi ni. Shi bai san komi ba ya ƙi sakinta, ni na sani na yi shiru."

Jummai ce ta fara kuka, kuka mai ƙarfi irin na yara. "Baba, ni ka hana! Na kama ƙafarka ina roƙo ka bar ni in bi su Asibi makaranta, ka ce wuta ce! Da na iya karatu da na ga darasi ne, da ban kai ta gida uku ba!"

Tsohon bai kare kansa ba. "Na zalunce ki, Jummai. Ke ma ki gahwarce ni."

Inna ta rarrafa ta kama hannun surukarta tana neman gafara. Bilyamin ya durƙusa a gaban matarsa, gaban kowa, abin da ba a taɓa gani ba a gidan. "Sori, Muna. Na yi zato. Ko da ban rubuta ba, na ɗauki biron."

"Ka ajiye shi, Yaya. Shi na gani." Ta share fuska. Ba ta dubi inda tsohon yake ba, ta ce wa mijinta, "A hwaɗa ma Baba na yahe. A kuma hwaɗa ma Yaya Jummai, in tana so, mu fara yau bayan la'asar."

A ranar Bilyamin ya hau babur ya bi Ango har Dole Kaina, can bakin iyaka, ya ba shi haƙuri. Jummai kuwa da ƙafarta ta koma gidajen nan uku, ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe abin da ta zubar, duk da cewa magana ba ta kwasuwa duka.

Zato ba ya bukatar shaida, shi ya sa yake saurin rushe gida. Girman kai kuma yakan sa babba ya bar ƙarami ya biya masa kunyarsa. Munawwara ta yi haƙuri a lokacin da magana ta fi sauƙi, mijinta ya ƙi yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, sai Allah ya bar musu aurensu, ya ƙara mata da darajar da babu matar ɗa da ta taɓa samu a gidan Malam Malami.