Yarinya da 'Yan Rawar Cikin Ruwa

A can wani zamani, a wani gari na bakin tafki, an yi wata yarinya mai son ganin ƙwaf. Ran nan gwaggonta, malamar asibiti, ta nuna mata madubin da ke girmama ƙananan abubuwa.

Yarinya ta ɗiga ruwan tafki, ta leƙa. Sai ga 'yan halittu suna ta rawa, wannan na juyi, wancan na tsalle. Ta yi dariya, ta taka rawa, ta sake leƙawa. Ta yi dariya, ta taka rawa, har ɗankwalinta ya faɗi.

"Gwaggo, zan ajiye su a moɗa, ƙawayena ne."

Gwaggo ta ce, "Wasunsu ƙwayoyin cuta ne, 'yata, su ke kawo gudawa. Sai an tafasa ruwan ake sha."

Can sai ƙaninta ya rarrafo, ya kai moɗar baki. Yarinya ta yi wuf ta fizge. Yaro ya fashe da kukan ƙishirwa.

Ta dubi moɗa, ta dubi ƙaninta. Ta sake duban moɗa. Sai ta juye ruwan a tukunya, ta hura wuta.

Da ya huce ta ba shi ya sha, ta goya shi, ta ce, "To, yanzu kai ne abokin rawata."