Kifin Da Aka Liƙa Wa Zalɓe

"Dube ni, Auta! Ke kika sa wa zalɓen nan kifi a baki?"

Hoton ya faɗo kan teburinta. Auta ta ɗago a razane. Mai Tsuntsaye ne tsaye a ƙofar ɗakin gyaran hoto, idanunsa jajur. Haka kowa yake kiransa a shagon, don aikinsa ke nan: ya shiga daji ya ɗauko hotunan tsuntsaye, ya kawo mata ta gyara. A wajen gyaran nan soyayya ta shiga tsakaninsu.

Ta jawo hoton. Zalɓen ta san shi. Ita ta ƙara masa haske a fiffike, ta goge ɗigon ƙura a sararin sama. Amma kifin nan...

"Wallahi ba ni..."

"Alƙalan gasa sun kore ni! Wai ni maƙaryaci ne! Kin san dokarsu: a gyara haske, a gyara launi, amma ba ƙari, ba ragi. Ke kaɗai nake ba wa hotunana, Auta. Daga kwamfutarki aka tura!"

Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a kan kifin. An yanke gefensa da gaggawa, inuwarsa ma ta saɓa da ta tsuntsun. Ta san hannun. Haka Yaya yake liƙa furanni a bayan hotunan amare.

Yaya mai shagon. Yayan da ya riƙe ta tun rasuwar Baba.

Ta kife hoton a kan teburin.

"Ki ce wani abu mana, rabin raina..."

Hawaye kawai.

Ya saɓa jakar kyamararsa ya fita.

Tun daga ranar ɗakin ya ƙara yi mata ƙunci. Ba taga, sai fanka mai ƙara da hasken kwamfuta. Tana goge ƙuraje a fuskokin amare, tana share nata hawayen da gefen mayafi. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka. In ta faɗi gaskiya, sunan shagon ya ɓaci, a nan kuwa duk gidansu suke ci. In ta yi shiru, mutumin da take so ya tafi da tambarin ƙarya a goshi.

Da ma Yaya ya sha faɗa: "Mai bin tsuntsu a daji ne miji? In yunwa ta zo gashin tsuntsu za ku dafa?"

Wata rana da la'asar ya leƙo da fara'arsa.

"Auta, hotunan bikin nan fa?"

"Yaya, inuwar kifin ba ta zauna daidai ba."

Fara'ar ta ɗauke. Ya turo ƙofa.

"Kin faɗa masa?"

"Da na faɗa, da ka ji."

"Don ke na yi."

"Don ni, Yaya? Ko don kujerar nan?"

Ya zauna a kan kwalin takardu, ya dafe kai.

"In kika tafi, wa zai riƙe min nan? Masu zuwa don hannunki suke zuwa..."

"Da ka tambaye ni! Wa ya ce maka aure zai yanke min hannu?"

"Yanzu me kike so?"

"Ba komai. Ba zan tona ka ba, kai ne ubana. Zan zauna in yi ta yi maka aiki har in tsufa. Amma kada ka sake ce min in yi dariya."

Haka kuwa aka yi. Aiki ba ta fasa ba, magana ce babu. Ta rame har wuyanta ya fito. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ba ta ji komai ba. Daga ƙarshe ta tsare Yaya a tsakar gida.

"Babba, amana ubanku ya bar maka, ba ma'aikaciya ba. Ban san me ka yi wa yarinyar nan ba. Kai ka sani. Je ka gyara."

Washegari Yaya bai buɗe shago ba. Ya ɗauki ainihin hoton ya tafi ofishin gasar da ƙafarsa, daga can ya wuce gidan Mai Tsuntsaye.

Gasa ta riga ta wuce, kyauta ta tafi hannun wani. Amma an wanke sunan Mai Tsuntsaye.

Auta na zaune a gaban kwamfuta ta ji sallamar da ta sani.

"Ki yafe min, Autata... Na yi miki ihu, ashe wuta biyu ce take cin ki."

"Na ja maka asara."

"Gasa kowace shekara ana yi. Ke fa?"

Ta sunkuyar da kai, dariya da kuka suka haɗe mata.

Bayan aurensu ya kai ta bakin tafki da sassafe. Suka durƙusa a cikin ciyawa. Can sai ga gauraka ya sauko, yana taku ɗai-ɗai. Auta ta damƙe hannun mijinta. Ta gyara hoton tsuntsun nan ba adadi, amma yau ta fara ganinsa da ido.

"Wayyo! Ashe tukkunsa bai kai ruwan zinaren da nake zuba masa ba! Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Sau nawa na zo in faɗa," ya ce a hankali. "Da kin ɗago kin dube ni, sai in manta."