Tsohuwa Mai Daddawa da Labulen Asibiti

A wani zamani an yi wata tsohuwa mai daddawa, wadda ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba. Ran nan ta faɗi ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita asibiti.

Wata safiya fitsari ya kuɓuce mata a gado, ga surukai a ƙofa sun zo dubiya. Tsohuwa ta rufe fuska da zane.

Ma'aikaciyar jinya ta lura. Ta ja labule, ta rusuna ta ce, "Inna, kin yarda in gyara ki?" Tsohuwa ta gyaɗa kai. Ma'aikaciyar ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta sake shimfiɗa.

Ta gadon kusa ta ce, "Malama, me ya faru?"

"Tsakanina da Inna ne."

Suruka ta ce, "Ni fa matar ɗanta ce!"

"Sannu da zuwa. Tsakanina da Inna ne."

Da tsohuwa ta warke, kowace Juma'a sai ta dogara sanda ta je gaishe da ma'aikaciyar jinyar. Jikoki suka ce, "Kaka, ke da ba kya zuwa gidan kowa, me ta yi miki?"

Ta ce, "Allah ya yi mata albarka. Sauran kuwa tsakanina da ita ne. Ku miƙo mini sandata."