Katako Marar Hatimi

Ranar da suka fara haɗuwa, musu suka yi. Ita ma'aikaciyar gandun daji ce, aikinta ta auna kaurin bishiya da tef, wadda ta isa sara ta shafa mata jan fenti. Shi kuwa kafinta ne, ya zo da takardar izininsa, ya rungume wani miƙaƙƙen maɗaci kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

"Malama, wannan nake so."

"Ba za ka samu ba."

"Haba! Ai ya fi kowanne girma."

"Shi ya sa. Shi ke zubar da iri. Ka sare shi yau, jikokinka su yi kujera da kara. Dubi ƙasa."

Ya duba, sai ga ƙananan maɗatai ko gwiwa ba su kai ba. Ya tsuguna ya hau tambaya. Shekara nawa kafin su isa sara? Me ke cinye su? Don me wani ke karkacewa? Ta gaji da amsa. Amma da zai tashi, ta ga ya ɗaga ƙafa a hankali don kada ya taka ko ɗaya. Wannan ƙafar ce ta sa ta ba shi lambarta.

Washegari saƙonsa ya shigo, yana tsokanarta da fentin da ke yatsanta: "Jan Yatsa, in bishiya na shekara hamsin kafin ta isa, ke shekara nawa zan jira?"

Ta mayar: "Sarkin Tambaya, sai na auna ka tukuna."

Wata biyar suna haka, sannan ta gaya wa Innarta. Inna ta ajiye tsintsiya.

"Mai ƙurar katako a gashi? A gidan nan? Sai dai bayan raina."

Kuma wallahi Inna na da hujja. Maɗaci goma sha biyu marigayi mijinta ya dasa a bakin gona, ya yi ta ɗaukar musu ruwa a ka. Rana ɗaya tana asibiti wajen ƙanwarta, ɓarayi suka zo da inji suka kwashe su kaf. Shekara shida tana zarya ofis. Wannan ya ce ta kawo takarda, wancan ya ce oga ya fita. Mace ba ta yi boko ba sai a mai da ita ƙwallo? Har yau kututturan na nan suna kallonta.

Akwai kuma ɗan wani dillalin katako da ke bin yarinyar, ba don Allah ba, so yake fentinta ya riƙa hawa bishiyoyin da ba su isa ba. Da ta kore shi, sai ya lallaɓa ya tsegunta wa Inna cewa shagon kafinta cike yake da katako marar hatimi. Duk katakon da aka saro bisa ƙa'ida, gandun daji na buga masa hatimi. Wanda babu, na sata ne.

Yarinya ta leƙa shagon da kanta. Ga su nan jibge a lungu, jajaye, babu hatimi ko ɗaya. Ta juya ta tafi abinta.

Saƙonsa ya biyo ta: "Jan Yatsa, me na yi? Ko zagi ne ki turo, zan karɓa."

Ta kife wayar. Kwana uku ko abinci ba ta iya ci.

Inna kuwa murna ta yi. Yau dai za ta kama ɓarawo ɗaya da hannunta. Ta ja 'yar tata har shagon, ta doki katakon da sanda.

"Kai! Gonar wace marainiyar ka saro wannan?"

Ya durƙusa. "Inna, sannu da zuwa. Don Allah sa yatsa a nan."

Ta harare shi, amma ta sa. Rami ne ƙarami, bakinsa ya yi baƙi da tsatsa. Ga wani, ga wani, a jere.

"Gurbin ƙusa ne. Rufin wani tsohon sito ne aka rushe, za a ƙone, na saya. Wannan katakon ya girme ni, ya girmi hatimin ma."

Inna ta shinshina, ta ƙwanƙwasa, ta kanga kunne. "To me ya hana gara cin sa?"

"Ɗacinsa, Inna. Maɗaci ne."

"Au, shi ma ɗacin ne ya raya shi." Ta ja benci ta zauna. Yarinya ta rufe fuska da mayafi, kunya da dariya sun haɗe mata.

Sai shi ma ya jefo tasa tambayar: "Inna, duk zaryar nan, an taɓa auna kututturanki?"

Ba a taɓa ba. Ranar Asabar shi da yarinyar suka auna kowanne, suka ɗauki hoto, suka rubuta ƙara da sunan Inna, ta dangwala yatsa. Aka karɓa, aka ba ta lamba. Ɓarayin dai har yanzu ba a kamo su ba, kuma ba ta yafe ba.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: ya dasa sha biyu, su tsallake rani. Kullum da safe yana tafe da jarkoki a babur. Da ruwan farko ya sauka, Inna ta je ta duba. Goma ne a tsaye.

Kafinta ya yi tsuru-tsuru.

"Daina zare ido," in ji Inna. "Akuyata ce ta cinye biyun, a gabana. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Inna ta riƙe hannayensu. "Ka riƙe min ita da amana, ɗan nan. In ka sa ta kuka, ni ba ofis zan kai ka ba, da ƙafata zan zo. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu tambaya kamar ubansu, su ishe ku kamar yadda ya ishe ni."

Aka ce amin, ana dariya.